Jumdail da Tukunyar Iska

Jumdail ya idar da sallar asuba, ya zauna a ƙofar gidansa da ke tsaye kan turaku a cikin teku. Matarsa Hamsia ta ajiye masa turararren rogo da busasshen kifi da baƙin shayi. Ya cinye. Sannan ya saɓa rigar roba ta aro a kafaɗa, ya bi gadar katako zuwa inda jirgi yake jira. Gidana yana kan hanyar, na gaishe shi, ya amsa da ka kawai.

Duk ƙauyenmu na gefen garin Semporna babu wanda ya kai shi nutso. Tun yana ƙarami yake cika ƙirji da numfashi ɗaya, ya gangara har ƙasan teku, ya yi tafiya a kan yashi kamar mai zuwa kasuwa, ya soki kifi ya dawo. Da haka ya yi aure, da haka ya ciyar da 'ya'yansa har ya haura shekara arba'in. Sai azzalumai masu jefa bam na kwalba suka shigo mana. Su jefa, teku ya girgiza, su kwashe abin da ya taso, su bar murjani, wato duwatsun ƙasan teku masu rai da kifi yake fakewa a cikinsu, a farfashe kamar kangon gida. Kifi ya ƙaura. Mutumin da bai taɓa dawowa hannu biyu ba ya koma dawowa da abin da bai isa miya ba, su kuwa masu ɓarnar suna yawo a gari da sababbin babura.

Norsida, 'yar ƙanwarsa, ita ta samo masa mafita. Tana koyar da baƙi nutso da tukunyar iska, wadda ake goyawa a riƙa shaƙa a ƙarƙashin ruwa, kuma ta ji wata ƙungiya mai dasa murjani da yanke yasassun taruna tana neman ma'aikaci na dindindin. Sharaɗi ɗaya ne: sai mai koyarwa ya shaida cewa mutum ya iya aiki da tukunya. Mai shaidar kuwa Norsida ce, yarinyar da Jumdail ya koya wa iyo da hannunsa.

Goyon tukunya bai dame shi ba, haka takalmin iyo da gilashin fuska. Abu guda ya gagare shi, kuma shi ne dokar farko: mai tukunya ba ya riƙe numfashi. Wanda ya shaƙi iska a sama ya nutsa, iskar takan matse a ƙasa, ta koma yadda take idan ya taso. Amma iskar da aka shaƙa daga tukunya a can ƙasa matsattsiya ce. Idan mutum ya taso da ita maƙogwaro a rufe, sai ta kumbura ta yaga huhu. Norsida ta bayyana masa wannan har ta gaji. Kansa ya fahimta. Ƙirjinsa ne bai yarda ba, domin da zarar ruwa ya rufe masa kai sai maƙogwaron ya kulle da kansa. Ta sha duba shi a ƙasa ta ga babu kumfa ko ɗaya da ke tashi daga bakinsa. Ta riga ta gaya masa cewa nutson wannan safiya shi zai yanke hukunci.

Da fari komai ya tafi daidai. Suna bin gefen wani dutse, kumfarsa tana tashi a jere. Sai ya hango kunkurun teku a samansu, tsohon taru ya naɗe masa ƙafar gaba, yana fizga. Jumdail bai yi tunani ba. Ya ja iska ya cika ƙirji, ya rufe baki, ya doka ƙafa zuwa sama kamar yadda ya saba yi duk rayuwarsa. Norsida ta cafko ɗamararsa da hannu ɗaya, ta danna masa ɗaya hannun a ciki da ƙarfi har iska ta fashe daga bakinsa. Ta riƙe shi, suka hau a hankali tare, ta yanke tarun da kanta, shi yana kallo.

A cikin jirgi ya tuɓe gilashin ya yi wurgi da shi. Ya ce a gaban matuƙi ta naushe shi, shi da ya goya ta a baya ya shiga ruwa da ita tun ba ta da haƙora. Ya ce bai taɓa jin inda aka koya wa kifi ruwa ba, kuma wannan tukunya kayan ragwaye ce.

Norsida tana cire bututun shaƙar iska daga jikin tukunya, ta ce: "Kawu, da ban riƙe ka ba, da yanzu jini kake amai a nan inda nake tsaye. Ni zan je in gaya wa Inna? Ni zan tsaya gaban Hamsia?"

"Ba abin da ya same ni."

"Ba zan shaide ka ba. In kana son aikin, yau da la'asar ka same ni a gindin gada, inda ruwa yake iya ƙirji. Daga can za mu sake farawa."

Gindin gada nan ne wurin da mata suke wanke tukwane, nan masunta suke zama suna ɗinkin taru. Ya san abin da take nufi, ta kuma san ya sani. 

Da azahar ya zo ya zauna a barandata yana huci. Ya ce gara ya koma sukar kifi da mashi ko da zai riƙa kamo ƙaguwa. Ya zagi masu bam, ya zagi ƙungiyar, ya zagi wanda ya ƙera tukunya. Hamsia ta leƙo daga gidansu ta ce masa shinkafa ta kusa ƙarewa, ta koma ciki. 

La'asar ta yi, sai ga shi a gindin gada da tukunya a baya. Masunta suka ajiye allura. Tibong, abokin nutsonsa tun ƙuruciya, ya tambaye shi da babbar murya ko a ɗauko masa gora ya rungume kada ya nutse. Aka yi dariya. Jumdail ya durƙusa a cikin ruwan, ya nutsar da kai, kumfa ta taso kaɗan, ta tsaya. Norsida ta ɗago shi.

"Ka sake rufewa."

"Ke kuma kin cika baki."

"To, zage ni, Kawu, amma a ƙasa. Idan za ka taso, ka yi ta zagina har kanka ya fito. In dai kana zagi, iska tana fita."

Ya harare ta, ya cusa bututun a baki, ya koma. Daga kan gada muka ga kumfa tana tafasa ba yankewa, da wani gunaguni mai fitowa daga ƙarƙashin ruwa. Ya taso, ya koma, ya sake tasowa. Ta ja shi zuwa inda ruwa ya fi ƙarfin tsayinsa, gunagunin bai tsaya ba. Masunta suka gaji da dariya suka koma ɗinki. Har rana ta yi ja yana yi.

Da suka fito ta ce ba ta shaide shi ba tukuna, amma ba za ta bari a ba wani gurbin aikin ba. Zai zauna a ruwa marar zurfi har sai ƙirjinsa ya saba ba tare da zagi ba. Bai yi godiya ba. Ya ce rabin abin da ya faɗa a ƙasa ma ba ita yake nufi ba.

Ya ɗauki kayan zuwa randar ruwan daɗi, ya ɗauraye gishirin daga bututun da rigar, ya juye takalman, ya rataye kowanne a inuwa kamar yadda ta koya masa, fuskarsa a murtuke.