Allunan da Kafinta Bai Goge Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda unguwa ta sani da Mai Fenti, bayan jinyar shekara biyu. Ya rasu yana da shekara sittin da takwas, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu da jikoki. Ni ce ƙanwarsa, autar ɗakinmu. Masu zuwa gaisuwa suna ta satar kallona, don idona bai kumbura kamar yadda suka zata ba. Na yi kuka, Yaya, amma kukan da sauƙi a cikinsa, kuma ina so in faɗi dalili.

Sunan Mai Fenti bai taɓa yi mini daɗi ba. Kai mai zane ne. Amma duk lokacin da na gyara wa wani, dariya kake yi, ka ce in ƙyale mutane, ai fentin ne ke ciyar da mai zanen. Ɗakin aikinka yana nan a idona: gwangwanayen fenti jere a ƙasan taga, buroshi tsome cikin kananzir, da tsohuwar rigar nan da ba wanda ya san asalin launinta. Ka ga sama ka ga ƙasa a ɗakin nan. Akwai shekarar da wani otal ya ba ka bangayensa duka, har ka sayi babur ka ɗinka wa kowa sutura a gida. Akwai kuma shekarun da injin buga hotuna ya shigo gari, masu shaguna suka daina nemanka, babur ɗin ya tafi, kana wuni kana wanke buroshin da bai taɓa fenti ba. Ko a lokacin ba ka daina kyauta ba. Tsuntsayen da ke bangon ɗakin yara na asibiti kai ka zana su, ba wanda ya sa ka, don kawai ka je duba wani ka ga yara suna kallon farin bango.

Amma kana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini rai. A kan allon katako kake zane, kuma katako yana da tsada. Idan aiki ya yi sauƙi sai ka zauna ka zana abin da ranka yake so: mata a bakin famfo, tsoho yana gyaran keke, ruwan sama a kan rufin kwano. Idan kuma wani mai aski ko tela ya zo neman allon shago alhali ba ka da katako, sai ka sauke ɗaya daga cikin zanen nan ka aika wa abokinka Kafinta. Shi zai goge shi tas, ya shafa farin fenti, ya dawo maka da shi, ka rubuta sunan shago a kai. Har yabonsa kake yi, kana cewa katako yana zuwa hannunsa tsoho ya dawo saurayi.

Da haka zanen Inna, mahaifiyarmu, ya tafi. Ba mu da hotonta ko ɗaya, don ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Kai ka zana ta tana zaune a bakin ƙofa tana zura zare a allura, ta karkatar da kai yadda ta saba. Bayan rasuwarta da shekara uku na shigo ɗakinka na ga ƙusa kawai a bango. Ka ce mini ranar babu abin ɗora tukunya a gidanka, kuma za ka sake zana wata. Na faɗa maka maganganun da har yau nake jin kunyarsu, na yi shekara guda ban taka gidanka ba. Ka gwada sake zana ta sau biyu, fuskar ta ƙi zuwa. Ni ma a hankali ta fara ɓace mini.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama hannunka na dama, ba zafin ciwon ne ya fi damunka ba. Wata rana jikarka ta roƙe ka ka nuna mata abin da ka zana. Ka duba bango, ka duba ƙasan gado, babu komai, hatta allunan shagunan an daɗe da sauke su. Bayan ta fita ka juyo ka ce mini, "Auta, shekara arba'in ina aiki, ga shi ko ɗaya ban bari ba." Daga ranar abinci ya daina shiga, ka juya fuska ga bango. Na tsorata ƙwarai kada ka tafi da wannan baƙin cikin.

Ana cikin haka Kafinta ya zo dubiya. Ni kuwa na daɗe ina neman wanda zan sauke wa fushi. Na tare shi a tsakar gida, na ce masa hannunsa ne ya goge rayuwar yayana, allo bayan allo, har da fuskar uwarmu. Tsohon nan ya sunkuyar da kai, ya sa takalminsa ya fita, ko ɗakin bai shiga ba.

Washegari da safe sai ga Kafinta da motar ɗaukar kaya a ƙofar gida. Aka fara shigo da alluna, kowanne a naɗe cikin tsohon buhu, har arba'in da uku. Ashe tun allo na farko Kafinta bai iya gogewa ba. Sai ya ɗora shi a saman silin ɗin shagonsa, ya yanko sabon katako daidai girmansa, ya shafa farin fenti ya kawo maka. Haka ya yi ta yi shekara talatin. Da farko ya ɓoye maka ne don ya san halinka, ba ka karɓar taimako. Da abin ya daɗe kuma sai tsoro ya kama shi, yana ganin ya zama ɓarawon abokinsa.

Muka jera su jikin bango, muka tashe ka zaune. Ga matan bakin famfo, ga mai gyaran keke. Da aka warware buhu na sha tara, sai ga Inna da allurarta. Na zauna a ƙasa. Kafinta ya durƙusa a gaban gadonka ya ce, "Ka yafe mini, na ci amanarka."

Ka daɗe kana kallonsa, hawaye yana bin gefen fuskarka da ya shanye. Sannan ka ce, "Dama na yi mamaki, duk gogewar nan kaurin katakon bai taɓa raguwa ba."

Ranar ka nemi abinci da bakinka. Kwana tara ka yi kana kiran jikarka kana nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, har kana mita wai ƙafar mai keken ta fi ɗayar tsawo. A na goma ka cika, fuskarka tana kallon ɗaki.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da ta haƙura da warin kananzir da shekarun babu, da 'ya'yanka da jikokinka, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ina kuma miƙa ta ga Kafinta, tare da neman gafararsa kan abin da bakina ya faɗa. Allah ya saka masa da Aljanna.

Sauran allunan suna wurin 'ya'yanka. Inna kuwa tana ɗakina, na kafa mata ƙusa inda nake ganinta daga kan sallaya. Na yafe maka, Yaya, kai ma ka yafe mini shekarar nan da ban zo ba.