Kwanon da aka ware mini a ciyayya

Assalamu alaikum. Tun kafin damina ban rubuta komi a shafin nan ba. Na ji wasu a Tasawa sun ce na mutu. Ban mutu ba. Waɗanda suka yi saurin faɗa, ku yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mushe Idi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Tun rasuwar matata Hajara ni kaɗai nake cikin gida. Ƴaƴa Allah bai ba mu ba.

A unguwarmu har yanzu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa ƙofar Alhaji Maman, a haɗa a ci tare. Ni ba ni da mai girka mini, sai in kai goro da ganyen shayi, in sa hannu a kwanon kowa. Abincin kirki ɗaya ke nan da nake samu a yini.

Abin ya fara da ɗan baƙin ƙurji gefen hanci, bai kai ƙwayar dawa ba.

Sale wanzami ke yi mini aski kowace Juma'a. Ya koyo wani sabon abu, wai gyaran fuska: ya gasa maka ita da ruwan zafi, ya dirje da sukari da lemun tsami, ya kankare da aska, ya shafa wani farin mai da ba shi da suna a kwalba. Na tambaye shi ko bai yi yawa ba duk mako. Ya ce, "Haba Mushe, fuskar tsoho gona ce, in ba a nome ta kowane mako ciyawa ta cinye."

Ƙurjin ya yi jini, ya yi ɓawo. Juma'a ta zagayo ya kankare ɓawon. Haka muka yi ta yi har ya buɗe baki, yana ruwa, ƙuda na bi na.

A wajen ciyayya, Ɗan Ladi direba shi ya fara tsokana. "Mushe ya shiga shafe-shafe, ku shirya kuɗin biki, amarya za a yi." Aka yi dariya, har da waɗanda na koya wa rubuta sunansu.

Bayan dariya sai raɗa. Kuturta, in ji su.

Wata rana na zo zan zauna, Alhaji Maman ya turo mini wani kwano da ƙafa, an ɗiga masa jan fenti a gindi. "Ga naka nan gefe, Mushe, ka fi sakewa."

Na ci. Yunwa nake ji. Daga baya kwanon ya koma jikin katanga, can nesa da tabarma. Sai na daina zuwa. Ba wanda ya leƙo. Na koma shan gari da ruwa, har wandona ya daina zama a ƙugu.

Rabi, ɗiyar ƙanwata, ta zo suna daga Mayahi, ta biyo gaishe ni. Ko zama ba ta yi ba.

"Kawu, wa ya yi maka haka? Ɗauko hularka."

Majo, babban mai jinya na asibitin garinmu, ya duba, ya tura mu Maraɗi. Can aka ɗebi jini, aka yanki ɗan nama aka aika Yamai. Muka dawo jira. Kuɗin fanshona ya ƙare a odonas ɗin magani da mota, Rabi ta sayar da akuyarta ba ta gaya mini ba.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ciwon yana hawa wajen ido.

Da sakamako ya fito muka koma Maraɗi. Likitar fata mace ce, ba ta kai rabin shekaruna ba. Ta ce, "Baba, ba kuturta ba ce. Ciwon daji ne na fata, irin mai tafiya a hankali. Ba a ɗaukarsa a kwano. Da an ci gaba da kankare shi kuna zaune gida, idon ma sai an cire."

Na ce ta sake faɗin maganar kwano. Ta sake.

Aka yi aiki. Aka ɗebo fata bayan kunnena aka toshe gurbin. Rabi ta kwana bisa tabarma bakin ɗaki, ita ke kai ni wankin ciwo, ita ke ba ni kunu da cokali saboda buɗe baki zafi. Yanzu ya warke. Tabo na nan, ido na nan. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar da masu jinya. Rabi, ke kam ban san bakin da zan gode miki da shi ba.

Ga shawara, musamman ku da kuka haura arba'in kuka kama wannan gyaran fuska. Na tambayi likitar sau nawa ya kamata. Ta ce sau ɗaya a wata ma ya isa, ban da aska, ban da man da ba a san abin da ke ciki ba, sauran kwanaki ruwa da sabulu mai laushi da malafa in za a shiga rana. Duk ƙurjin da ya ƙi warkewa, ko yana jini yana dawowa, kar wanzami ya taɓa. Ku je likita.

Sale, na ji har yanzu kana noman fuskokin mutane. Ka daina.

Alhaji Maman, saƙonka ya iso, wai Mushe ya dawo cikin mutane tunda an ce ba a ɗauka. Ba zan dawo ba. Ina Mayahi gidan Rabi. Kwano ɗaya muke ci da ƴaƴanta, sai na tsawata suke bar mini loma.