Kare da Kyanwa a Motar Fata

Gidanmu na Illela yana bakin hanyar da ta nufi Ƙonni. Mahaifina falke ne, yana sayen fatun awaki a Araba da Tozai har cikin ƙasar da Faransi ke mulki a tsallaken iyaka, ya shanya, ya ɗaure, ya sayar wa wani kamfanin Turawa da ke Sakkwato. Nasara sun ci ƙasar tun kafin a haife ni, amma lokacin da nake yarinya mota ba ta daɗe da fara zuwa garinmu ba. In aka jiwo rurinta daga nesa, har masu awo a kasuwa sukan ajiye mudu su fito kallo.

Gidan da ake tara fata ba ya rabuwa da ɓeraye, shi ya sa kakata, wadda ta haifi Baba, take kiwon kyanwa. Mu can mussa muke cewa. Fara ce mai baƙin tabo a kunne ɗaya, ga jan aji. Kowa ya kira ta sai ta dube shi ta kau da kai, in ba Kaka ba.

Karen daga baya ya zo. Kuraye sun fara kewaya turken jakunanmu, sai wani masunci na Kalmalo, abokin Baba, ya kawo mana ɗan kwikwiyo ja a cikin burgami. Kaka ta dube shi sama da ƙasa, ta kafa dokokinta. Ba zai shiga ɗakin kowa ba, ba zai kusanci buta ko tabarmar salla ba, kaskonsa daban, kuma duk wanda ya lasa ya je ya wanke da ƙasa. Ni aka ɗora wa ba shi abinci, don haka ya zama nawa.

Ranar farko da ya ga kyanwar, ya ruga wurinta yana kaɗa wutsiya, yana zaton ya sami abokin wasa. Ta tsaya cak, ta bari ya iso, ta kwaɗa masa mari a hanci. Ya dawo bayana yana kuka, ni ma na fashe da kuka, na ce a doke ta.

Kaka ta ce, "Ba wanda za a duka. Ita ta riga shi zuwa gidan ga. Shi koyi ladabi."

Dabarar da ta yi mai sauƙi ce. Takan ba su abinci lokaci ɗaya, kyanwa a kan katanga, kare a ƙasa, kowa yana jin warin ɗan'uwansa yana cika ciki. Bayan kwanaki ta sauko da ƙwaryar kyanwar kan turmi, daga nan kuma zuwa ƙasa, nesa kaɗan da kaskonsa. Ba ta taɓa barin su su biyu ba sai akwai mai ido a kansu. In ya tasar wa bin ta, sai in riƙe shi har ya kwanta, sannan in shafa kansa.

Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, na fito neman karena ban gan shi ba. Na leƙa ƙarƙashin rumbu, sai ga shi ya naɗe, kyanwar kwance a tsakanin ƙafafunsa ta tura kai cikin wuyansa. Na ruga na jawo Kaka. Ta sunkuya da ƙyar ta leƙa, ta yi dariya har tana riƙe ƙugu.

Daga nan suka zama abokai, har da na ɓarna. Mahaifiyata takan shanya kifin Kalmalo a kan rufin rumfa, inda kare ba ya kaiwa. Kullum sai ta ga kifi ya ragu fiye da cikin kyanwa ɗaya. Ranar da ta laɓe ta gani, kyanwar ce take hawa, ta ci nata, sannan ta turo wani da hannu ya faɗo, shi kuma yana zaune a ƙasa ya ɗaga kai yana jira. Mahaifiyata ta ɗauko muciya, amma dariya ta hana ta jifa.

Ana nan sai kamfanin ya nemi Baba ya koma Sakkwato, ya riƙa duba fatun da ake kawowa daga ƙauyuka. Mahaifiyata da ƙannena da kayan ɗaki suka riga mu tafiya a kan jakuna tare da kawuna. Kaka kuwa gwiwoyinta ba sa jure doguwar tafiya a kan jaki, sai Baba ya roƙa mata wuri a motar da ke zuwa ɗaukar fata. Aka bar ni don in riƙa taimaka mata.

Ana gobe tafiya, Kaka ta tambayi Baba, "Mussa fa?"

Ya ce, "Inna, a bar ta ga maƙwabta. Sakkwato ba a rasa mussa."

"To, ku sauka lafiya. Ku bar mu tare."

Baba ya san halin mahaifiyarsa, sai ya yarda. Ni kuma na ga ƙofa ta buɗe, na ce ai in mussa za ta, kare ma za shi, don ba ta cin abinci sai tana ganinsa. Baba ya harare ni, Kaka ta ce gaskiya na faɗa.

Tun ranar ta ɗauko kwandon kaba mai faɗi, ta shimfiɗa tsohon zanenta a ciki, ta sa ɗan kifi. Kyanwar ta shiga da kanta ta yini a ciki. Da safe ba a ba su komai ba sai ruwa, don Kaka ta ce ta ji ana cewa mota tana juya cikin mutum, balle na dabba. Ta rufe kwandon da faifai, ta ɗaure shi da igiya ta ko'ina, iska na shiga ta ƙofofin saƙar.

Motar katako ce mai rufin kwano a gaba, bayanta a buɗe, an cika shi da ɗaurin fatu. Direban mutumin kudu ne, dogo, yana jin Hausa irin ta Kano. Mataimakinsa wani dattijo ne mai furfura a gemu, shi ke juya ƙarfen da ake tayar da inji. Baba ya ɗaga karen ya ɗora kan fatu, ya zarga masa igiya a wuya zai ɗaure a jikin katako.

Direban ya ce, "A'a, maigida, ba a wuya ba. In ya tsorata ya yi tsalle waje, igiyar nan rataye shi za ta yi. Na taɓa gani da rago."

Baba ya tsaya da igiya a hannu. Kaka ta kwance ƙullin kayanta, ta zaro majanyin da aka goye ni da shi. Ta ce in riƙe kansa. Ta zagaya majanyin ta ƙirjinsa, ta bi ta bayan ƙafafunsa na gaba, ta ƙulle a gadon bayansa kamar mai goyo. A wannan ƙulli aka ɗaura igiya, aka gajarta ta yadda zai iya tashi ya kwanta amma ba zai kai bakin motar ba. Mutanen da suka zo rakiya suka yi ta dariya, wai ba su taɓa ganin kare da majanyi ba.

Kaka ta shiga gaba kusa da direba, kwando a cinya, tana ta addu'a. Ni da Baba da dattijon muka hau baya. Da injin ya kama, motar ta girgiza, kyanwar ta saki wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Karen ya amsa mata daga baya. Haka muka fita Illela, ita tana yi daga gaba, shi yana yi daga baya, yara suna bin mu da gudu.

Dattijon ya toshe kunne ɗaya ya ce wa Baba, "Shekara da shekaru ana kirana karen mota. Yau ga mai sunan ya zo, sai in huta."

Ban taɓa tafiya da sauri haka ba. Itatuwa suna gudu baya, iska na cika mini baki, na kasa daina dariya. Muka wuce ayarin raƙuma, masu su suka ja su gefe suna ɗaga mana hannu. Karen ya so ya leƙa waje, ya ja, majanyi ya dawo da shi. Da muka faɗa wani rami, har ni sai da na tashi sama na dawo, shi kuma ya zame ya tsaya daidai inda igiyarsa ta ƙare. Baba ya dubi igiyar, ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Bazara ce, rana ta ɗaga. Kafin mu kai Gwadabawa motar ta shiga yashi ta kafe. Ƙafafun suna juyawa a wuri ɗaya, suna ƙara nutsewa. Direba ya ce kowa ya sauka. Baba ya kama Kaka ya kai ta inuwar wani gawo. Ita kuma, da yake an ce yanzu za a fita, ta ajiye kwandon a kan kujera, aka rufe ƙofa don kada ya faɗo in an tura.

Ashe aikin ba na yanzu ba ne. Aka aika rugar da ke kusa, Fulani da manoma suka zo da zana da itace ana cusawa ƙarƙashin ƙafafu. Na kwance karen na ja shi zuwa inuwa, na zuba masa ruwa a kasko. Ko kallon ruwan bai yi ba. Ya riƙa ja yana haushi, har ya fizge ni, ya tafi ƙofar gaba ya miƙe yana karta da farce.

Kaka ta ɗaga murya, "Mi yaf faru? Mi karen ga ya gani?"

A nan na lura mun daɗe ba mu ji kukan kyanwar ba. Na kama ƙarfen ƙofar, ya ƙona mini hannu, na sa bakin zanena na buɗe. Zafin da ya fito kamar an buɗe tukunyar tuwo. Na ɗauko kwandon na ruga gindin gawo. Da Kaka ta kwance faifan, kyanwar tana kwance a gefe ɗaya, baki buɗe, harshe waje, tana haki.

Kaka ta yi salati. Ta ciro ɗankwalinta, ta ce in tuttulo ruwan gora. Ta jiƙa shi ta shafa mata a tafin ƙafafu da ciki da bayan kunne, ni kuma ina yi mata fifita da faifai. Maza suka bar tura suka zo suka tsaya a kanmu. Karen ya kutsa tsakaninmu ya fara lasar kanta, Kaka ba ta kore shi ba. Can sai hakin ya ragu. Ta lashi ruwa a yatsan Kaka, ta ƙara lasa, ta ɗaga kai. Karen ya matso da hancinsa, ita kuwa ta ɗaga hannu ta ɗan mare shi.

Wurin ya kaure da dariya. Wani Bafulatani ya ce tunda ta iya faɗa, ta warke. Kaka tana dariya tana share hawaye da jiƙaƙƙen ɗankwalin, tana faɗin alhamdu lillahi.

Da aka fitar da motar, direba ya ce a mayar da kwandon baya inda iska take. Baba ya kafa tabarma tsakanin ɗaurin fatu biyu ta yi rumfa, ya ɗaure kwandon a jikin katako don kada ya gangara, aka lulluɓa masa jiƙaƙƙen tsumma a gefe ɗaya. Karen ya kwanta ya jingina da shi. Daga nan har Sakkwato ba wanda ya ƙara kuka. Na leƙa ta ƙofar saƙa na ga ta manne da ɓangaren da yake. Duk inda aka tsaya zuba wa inji ruwa, sai mu sauko da su inuwa su ma su sha, Kaka kuma ta leƙo ta tambaya, "Suna nan lafiya?"

Da la'asar muka ƙetare gulbi muka shiga birni. Motar ta sauke mu a bakin kamfani, muka ƙarasa da ƙafa. Mahaifiyata ta fito ƙofar sabon gidan ta gan mu, Baba da kaya a kai, Kaka tana dogara sanda, ni rungume da kwando, ga kare a gaba da majanyi a ƙirji yana taƙama. Ta zauna a dokin ƙofa tana dariya, ta kasa ko yi mana sannu.

Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, ina gajiya? Yaya mota?"

Kaka ta ce, "Ɗiyata, ba abin tsoro ba ne. Ni ban ji komi ba." Baba ya juya baya yana tari, don tun daga Illela muke jiyo addu'arta har baya.

Kaka ta tsare kyanwar a ɗakinta na wasu kwanaki don kada ta ɓata a baƙon wuri, karen kuwa ya tare a bakin ƙofar, ba ya tashi sai cin abinci. Ranar da aka sake ta, ta fito a hankali, ta shinshina tsakar gida, ta hau katanga. Ta bi katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi yana bin ta daga ƙasa, har suka zagaye gidan duka. Yaran maƙwabta suka yi cincirindo a zaure suna kallo, kafin magariba na yi ƙawaye a unguwar.