Kafaɗar Doña Amparo da Rawar Asabar

Doña Amparo Quiroz kofi take sayarwa a bakin tashar jiragen ruwa ta Veracruz, amma ka tambayi kowa, da rawa aka san ta. Shekara arba'in, ba Asabar ɗin da ba ta taka rawar danzón a dandali da mijinta Fulgencio ba, wani dogo kamar falwaya.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita. Ƙafar hagu ta dawo cikin wata huɗu, baki kuwa dama bai je ko'ina ba. Kafaɗa ce ta ƙi. Hannun ya yi nauyi yana rinjayar gaɓar, ga zugi ba dare ba rana.

A wannan rawar, hannun hagun mace a kafaɗar namiji yake zama, haka aka gada. Ranar da suka gwada a tsakar gida, Fulgencio don tsabar kirki ya cafki hannun ya ɗaga sama. Ihun da ta kurma har kajin maƙwabta sai da suka watse.

"Kashe ni za ka yi, tsohon nan?"

"Haba sarauniyata, taimako fa na yi!"

"Riƙe abinka."

Likitar gashin ƙashi ta wanke su tas: kada a sake jan hannun nan, kada kuma ya wuce tsayin ƙirjinta. Amparo ta sha kuka a hanyar gida, don ta ga rawa da mijinta ta ƙare ke nan.

Kukan bai kai Asabar ba. Ta sa farar rigarta, ta ɗauki mafici, ta je dandali ta tsaya gaban Don Chucho wanzami, wanda ya fi kowa gajarta a wurin.

"Chucho, yau ka ci sa'a. Kafaɗarka daidai ni take."

Chucho bai gama gyara hularsa ba Fulgencio ya ture shi gefe. Ya lanƙwasa gwiwoyi, ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har ta ɗora hannunta da kanta.

"A haka za ka ƙare kiɗan? Minti goma ne fa."

"Ke dai taka kawai."

Jama'a na ta dariya, shi yana haɗa gumi, cinyoyinsa na kakkarwa, amma bai ɗago ko kaɗan ba. Da kiɗa ya tsaya, ita ce ta tallafe shi da hannun dama ta kai shi benci.

"Huta da sauri," in ji ta, tana yi masa fifita. "Za su sake bugawa."