Sandar injin tsohon soja

Sandar injin ban ruwa in ta cinye a mazaunin boris, zoben ƙwallayen da take juyawa a ciki, ni ake kawo wa a Zuru in cike ta da walda. Ba yabon kai ba ne. Farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, fitinanne ne, riƙe zafi yake yi. Ɗan ɗigo za ka yi nan, ka juya ka yi a bayansa, ka aje, sai hannunka ya iya zama a kai sannan ka koma. Ka yi gaggawa, ta lanƙwashe.

Wani tsohon soja daga Manga ya kawo mini tasa, albasarsa na jiran ruwa. Na ci rabin aikin sai hasken walda ya shige mini ido, hawaye shaaa, kamar an zuba yashi. Na miƙa wa abokina, wanda muke rumfa ɗaya, kwano ɗaya, tun muna samari. Na ce, "Don Allah kaɗan-kaɗan, kuma kada ta ga ruwa."

"Haba malam, ni za ka koya wa?"

Ashe ina juya baya ya zuba mata wuta a tashi ɗaya, ya tsoma a bokiti. Mai shayin gefenmu ne ya gaya mini daga baya, shi ya ji ƙarar.

Kwana uku tsoho ya dawo a kan babur, sanda ɗaure a baya. Ta lanƙwashe, injin ya yi ta rawa har ya farfasa boris. Mutane suka taru. Na buɗe baki ke nan zan ce laifinmu ne, mu biyu, sai abokina ya riga ni.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni ban taɓa ta ba. Idonsa ne ya fara tafiya, mun daɗe muna rufa masa asiri."

Kai! Har da sunkuyar da kai, wai tausayi. Wallahi da ashar ya yi mini da ya fi sauƙi. Ga idona jawur gaban kowa, me zan ce a yarda?

Da tsohon ya yi faɗa ma da na ji dama. Ranar kasuwa sai ga shi da 'yar kwalbar maganin ido, ya danƙa mini, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, Allah ya ba da lafiya." Sannan ya kwance wata sandar da ta cinye daga babur, ya wuce ni ya miƙa wa abokina.