Mudun Zoɓon Inna na Ƙarshe

Inna ba ta taɓa dafa zoɓo ba. Matan ƙauyenmu, can gefen Gumel, kowa tafasawa take yi ta tace ta zuba sukari, ita kuwa Inna jiƙawa take yi. Da la'asar za ta ɗauko 'yar randarta, ta ɗebi baƙin zoɓo cikin tafin hannu biyu, ja cikin tafi ɗaya, sannan ta tsinci fari da yatsu uku kamar mai ɗibar gishiri. Takan ce baƙin shi ne jiki, jan shi ne fuska, farin kuma shi ne harshe, don shi ke kawo tsamin nan da ke tsayawa a gefen baki. Sai citta, kanumfari ƙwaya bakwai, kimba rabin sili, in an samu ɓawon abarba a jefa. Ta rufe da faifai, ya kwana. Ba ta yin mai yawa. Ko ranar suna ne, gara ta jiƙa randa uku ƙanana da ta haɗa babba guda.

Mazarƙwaila kuwa sai an zo sha take narka ta a ƙoƙo daban.

"Inna, ki zuba tun yanzu mana, ya fi shiga jiki," na sha faɗa mata ina yarinya.

"Kwaɗayayya. Zaƙi a ƙarshe yake zuwa."

Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka irin maganar manya ce, kamar kar a zauna a bakin ƙofa.

Shekarata ta huɗu a Dubai Inna ta rasu. Maigidana yana aikin lodin kaya a wani sito a unguwar Al Quoz, muna zaune a ɗaki ɗaya da 'yar baranda, a cikin fulat ɗin da muke raba kicin da wasu. Bizata tana hannun masu sabuntawa a lokacin, kafin a yi wani motsi har an kai ta makwancinta. Ta waya na yi zaman makoki. Bayan wata biyu sai ga wani ɗan kasuwa daga Kano ya kawo wa maigida ƙullin leda, ya ce ƙanwata ce ta ba shi. Na kwance, na ga zoɓo, kamar mudu guda, kala ukun kowanne a ƙulle daban da tsumman zanin da na sani. Na gonar bayan gida ne, wanda Inna ta tsinka ta shanya da hannunta a kakar ƙarshe. Ta ware shi ta ce na 'yar Dubai ne.

Na fi wata biyar ban taɓa shi ba. Nakan buɗe in shinshina in mayar. Zoɓo ba ya wuya a nan, karkade suke ce masa, ga na Sudan ga na Masar a kasuwar kayan yaji ta Deira, jawur, tsaf-tsaf, ba ko tsakuwa. Na saya na gwada ba sau ɗaya ba. Yana da kyau a ido, amma baki ɗaya yake magana, ka kurɓa ka haɗiye shike nan. Na Inna kuwa sai ya fara gaishe ka da sanyi, tsami ya biyo baya, can bayan ka ajiye ƙoƙon kanumfari ya taso maka ta hanci.

Akwai maƙwabciyata a fulat ɗin, 'yar Zangon Kumasi a Ghana, ta girme ni da kusan shekara goma, tana gyaran ɗakuna a wani otal. Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yar Kano, duk da na gaji da gaya mata ni ba Bakanuwa ba ce. Ita ta dame ni a kan zoɓon, wanda su a can suke kira sobolo.

"'Yar Kano, wannan sobolo da kike wa gadi, sai ƙwari sun riga ki sha? Tsohuwa ta aiko a sha ne, ba a yi masa ziyara ba."

Da Babbar Sallah ta zo na yanke shawara. Na sa maigida ya samo mini 'yar tukunyar ƙasa. Washegarin Sallah da hantsi na yi bisimilla na juye. A nan na yi kuskure biyu. Na farko, maimakon in ɗiba kaɗan yadda Inna ke yi, na juye duka, wai don Anti da matan abokan maigida kowa ya ɗanɗani hannun uwata. Na biyu, ina da ɗan guntun mazarƙwaila da nake ɓoyo, na riƙe shi a hannu, na ce yau dai bari ya kwana a ciki ya ratsa. Na jefa, na bi da ɓawon abarba, na rufe da faranti na kai baranda, don kicin ɗin mutane sun yi yawa.

Ban gama wanke hannu ba maigida ya shigo.

"Yalla, shirya. Abokin aikina ya gayyace mu garin Hatta, gonar da wansa ke kula da ita. Ki ga duwatsu ki sha iska, kin daɗe a ƙunshe."

"Alhaji, na jiƙa zoɓo fa."

"Zoɓon ƙafa gare shi? Kafin isha mun dawo, inshallah."

Ba mu dawo ba. Mutanen gonar suka riƙe mu, ga nama ga ɗanyen dabino, matar gidan ta rantse ba inda za mu. Yini ɗaya ya zama kwana uku. Ban ƙi ba, gaskiya. Rabon da in ji kukan akuya da asuba tun ina gida. Na tsaya bakin dam ɗin garin ina kallon ruwa kore shar tsakanin duwatsu, ina ta tunanin Inna da ba ta taɓa ganin dutsen da ya wuce na niƙa da na Dala ba. Zoɓon yakan faɗo mini a rai, sai in ce ai jiƙo ne, daɗewa ƙara masa kyau za ta yi. Na manta randar Inna a ƙarƙashin ɗurumi take, a binne rabi cikin yashi mai laima. Tawa kuwa tana hawa na shida, a zafin da ko takalmin roba ka bari a waje sai ya lanƙwashe.

Da azahar muka iso. Tun kafin in ɗaga farantin na ji wani ɗan sauti, sii, kamar ana raɗa. Na buɗe. Kumfa ce ruwan hoda ta rufe saman, ƙananan ƙwayoyi suna ta tasowa daga ƙasa suna fashewa. Launin kuwa ban taɓa ganin mai kyansa ba, ja mai duhu kamar ƙunshin da ya kama sosai. Ƙamshin Inna yana nan, cittar da kimbar da komai, amma akwai wani abu a bayansa mai yaji, mai hawa kai.

Anti ta leƙo, ta sunkuya ta shinshina, ta ja da baya tana dariya.

"Ei! Hajiya 'yar Kano ta buɗe kamfani! Wannan ai irin warin kofunan da nake kwashewa a otal ne."

Ta ga fuskata, dariyar ta tsaya.

"Sukari kika sa tun farko?"

"Mazarƙwaila."

"Da ɓawon abarba, a wannan rana? Ayya. Tsohuwa ba ta gaya miki ba?"

Ta gaya mini. Shekara da shekaru tana gaya mini. A tsaye a barandar nan, da girmana da aurena, na gane abin da Inna ke tsare mu daga gare shi da 'yar maganarta guda.

Maigida ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce wataƙila bai kai can ba, wataƙila tsami ne kawai, ko in ɗan taɓa a harshe in ji. Na san tausayina ne ya sa shi faɗa. Ni ma raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Cokali ɗaya. Shi ne fa na ƙarshe a duniya, gonar ma an raba ta an shuka gero. Na ɗauko cokalin har na tsoma. Sai na tuna abin da aka koya mana a Islamiyya, cewa jiƙo in ya fara kumfa yana tafasa da kansa, ya kama hanyar zama giya, an bar shi ke nan. Na kuma tuna matar da ta tsinke zoɓon nan, wadda ko goro ba ta ci sai ta tambayi inda ya fito.

Na ce, "Anti, kama mini."

Muka ɗauka mu biyu zuwa makwarara. Na tuntsurar a hankali. Ya daɗe yana zuba, ko kuwa ni na ga haka. Da ya ƙare Anti ta ce, "Allah ya jiƙan tsohuwa," na ce amin, sannan na yi kukan da ban samu yi ba a waya.

Tukunyar ba ta sake shan ruwan sha ba, tunda ƙasa ce, ta riga ta tsotse. Da na zo yar da ledar, na zazzage tsumman zanin, sai ga gurguzu, 'ya'yan zoɓon da suka maƙale a ƙasan ƙulli, guda tara. Inna ba ta cika tsince su tas ba, idonta ya yi rauni a ƙarshe. Maigida ya huda gindin tukunyar da ƙusa, ya kawo mini ƙasa. Na jira zafi ya sauka na shuka. Uku suka fito, biyu suka ƙone.

Ɗayan yana nan, ya kai gwiwata. Ban san ko baƙi ne ko ja ko fari ba, sai ya yi fure. In Allah ya sa ya yi, abin da zai bayar ba zai wuce cikin tafin hannu ba, ƙoƙo ɗaya ke nan, ni da Anti. Kullum ta dawo aiki sai ta leƙa ta ce, "Ina kwanan kamfani?" Mazarƙwailar kuwa na sa an kawo mini wata daga gida, tana can cikin gwangwani a saman kabad, nesa da tukunyar.