Yaya Hassi Ta Ce A Tambayi Ƙeya

Damina goma sha biyu ke nan da Allah Ya karɓi ran yayata Hassi, makitsiyar Dakko ta ƙasar Bakura. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta.

Mutane na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Yaya Hassi ba ta taɓa yarda da wagga magana ba. Cewa take fuska 'yar kasuwa ce, ta iya ado, ta iya ƙarya. In gaskiya kake so, tambayi ƙeya. Mace za ta shigo da dariya, ta zauna tsakanin gwiwoyinta, ta ba ta baya. Kafin a gama tsaga ta biyu, abin da ta ɓoye wa uwar da ta haife ta ya fito. Yaya ba ta tambaya, ba ta salati, tsinke kawai ke tafiya. Ita kanta abin na ba ta mamaki. Ta kan ce mini, "Ke Abu, mi ke cikin ido ne da yake ɗaure harshe?" Har ta koma ga Mahalicci ba ta samu amsa ba.

Nakan so in ji mi za ta ce da wanga zamani, da yara ke sunkuyar da kai ga waya suna zuba wa wanda ba su gani ba abin da ke cikinsu. Ina jin dariya za ta yi, ta ce kitso ne babu man shanu.

Bana na nemi Yaya Hassi ido rufe. Jikata Saratu, tun da uwarta ta rasu anka kawo mini ita Talata Mafara, sai magana ta ƙafe mata. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Ubanta ya zo daga Maradun ya zaunar da ita gabansa, ya yi lallashi, ya yi faɗa. An sha rubutu. Yarinya na ramewa muna kallo.

Ran nan da hantsi na ce ta zo in tsefe mata kai in kitse. Yatsuna sun sandare, kitson ma ban taɓa iya shi ba, amma na kama bakina kamar yadda na ga ana yi. Mun kai rabin kai sai na ji wuyanta ya saki.

Ta ce, "Kaka, na manta fuskar Inna. In na rufe ido ba ta zuwa. Allah zai kama ni?"

Na buɗe baki in ba ta haƙuri, sai na lalubi fuskar Yaya Hassi cikin raina. Wallahi babu. Tun ina ƙarama baya nake ba ta. Abin da na tarar shi ne ɗumin gwiwarta ga kunnena, da yadda take danna mini kai in na motsa. Haka na faɗa wa Saratu, ban ƙara ban rage ba. Ta ce ita tarin Inna na asuba take ji har yanzu. Na ce to ki riƙe shi, shi ne rabonki.

Ashe abin da ke saura na mutum ba mu ke zaɓa ba, shi ke zaɓar inda zai maƙale. Kitson ya fito a karkace, maƙwabta sunka yi ta dariya. Saratu ta hana a tsefe, ta kuma ce in ɗumama mata tuwon jiya.